Sa Hannun Malam Sake-Yi

Ƙwayoyin cutar dajin nan sun sake kwana lafiya. Auta ta ɗago kai daga madubin hangen ƙwayoyi, ta ja tsaki.

Ita ce ɗaliba ta ƙarshe a hannun farfesan da ake kira Malam Sake-Yi a bayan idonsa, don duk sakamakon da aka kai masa abin da zai ce ke nan. Idan bai sa hannu a aikinta bana ba, jami'a za ta sallame ta ba digiri, ga 'yan biyunta a gida sun fara kiran kakarsu Mama.

Aikin a baki ba wuya. A jikin kowace ƙwayar halitta akwai wani furotin, kamar ƙofa, wanda in aka taɓa shi ƙwayar take kashe kanta. Sun sayo irinsa na kwalba, wanda ake haɗawa don bincike kawai, suka gwada sabon maganin Malam a kansa, ya kama shi ram. Saura ƙwayoyin daji masu rai, waɗanda Malam ya kawo da hannunsa a cikin kula, ya ce wani majinyaci ne ya bayar. Su kam ko gezau. A zuba musu magani da safe, da yamma sun hayayyafa.

Shi kuwa Malam kullum sai ƙara tsanani yake. Mutumin da a da sai an yi cigiyarsa, yanzu ya tare a ɗakin gwaji, yana tsaye a kanta, wando na zamewa yana ja. Abincin da matarsa ke aikowa yadda ya zo haka yake komawa. Auta ta ce a ranta, kwaɗayin suna ne zai ƙarasa tsohon nan.

Ranar da ya tafi abin da ya kira taro, ta gaji. Ta ɗebi ruwan kashe ƙwayoyin cuta da ake goge tebur da shi, ta ɗiga kaɗan a kowane farantin da ake renon ƙwayoyin dajin. Ta tuna 'ya'yanta, ta rufe farantan.

Da safe Malam ya duba, ya goge tabarau, ya kuma dubawa. Duk sun mutu. Auta ta sunkuyar da kai tana jiran a ce sake yi.

"Allah ya yi miki albarka, 'yata," ya ce. "Kawo in sa hannu."

Daɗi ya kama ta har ta manta da kunya. Tana tattara takardu ta ji ya kira waya, yana dariya irin wadda ba ta taɓa jin ya yi ba.

"Likita, a ba wani gadon, na fasa tiyatar. Naman da kuka yanko a hantata, maganina ya kashe shi tas."