Fuskar Slavojka a Bishiyar Mamata

Slavojka tana sayar da kabeji da jan barkono a kasuwar wani ƙaramin gari a Bosniya. Kirista ce 'yar ƙabilar Sabiyawa, mijinta Hajrudin kuwa Musulmi kamar yawancin mutanen garin. Da yaƙi ya ɓarke, danginta duk sun tsallake kogi zuwa ɓangaren Sabiyawa, ita ta ƙi. A garin ta sha yunwa, ta ɗebo ruwa harsashi na wucewa ta kanta, ta binne ɗanta na fari.

Armin, wani saurayi a garin, bayan yaƙin aka haife shi. Yana da shafi a intanet inda yake tono tsofaffin fastocin yaƙi, wato hotunan farfaganda da ake liƙawa a bango, ya sauya musu rubutu. Sojan da ke nuna yatsa yana cewa "Ƙasarka na kiranka," sai ya mai da shi "Uwarka na kiranka, ajiye wayar nan." Mutane su yi ta dariya suna turawa.

Wata rana ya jingina babur ɗinsa da teburin Slavojka, kabeji ya zube cikin laka.

"Kai ɗan nan, idonka a aljihu ka baro shi?"

"Allah ya huci zuciyar Gwaggo Janar," in ji shi yana dariya. Ya ɗauke ta hoto bakinta a buɗe.

Ya zaɓo wata tsohuwar fasta: ɓera mai kan mutum, takalmin soja ya take masa wuya, a ƙasa an rubuta, "Yana cin gurasarmu, yana sayar da mu." Ya ɗora fuskar Slavojka a kai. Rubutun bai taɓa shi ba, haka ya sa hoton a shafinsa.

Nan da nan wani ya rubuta a ƙarƙashi cewa ita ce ke nuna wa masu harbi gidaje lokacin yaƙi. Wani ya rantse kakarsa ta gani da idonta. Waɗanda suka san ƙarya ne suka yi shiru.

Wasu samari suka buga hoton a takarda, suka kewaye shi da baƙin layi, suka liƙa a bishiyar bakin kasuwa, inda ake manna sanarwar mutuwa, koren layi ga Musulmi, baƙi ga Kirista. Ba a sa mai rai a can.

Hajrudin, kamar kowane dattijo, ba ya shan gahawar safe sai ya tsaya gindin bishiyar ya ga wa ya rasu. Ya ga fuskar matarsa, wadda ya baro tana jera barkono. Ya sa farce ya fara ɓare takardar.

"Tsoho, bar ta nan," in ji ɗaya daga cikin samarin. "Mun kama mata wuri ne."

"Tun uwarka ba ta yaye ka ba matar nan take raba gurasarta da unguwarku, mara kunya!"

Aka buga masa kwalba a ƙeya. Ya faɗi, suka rufe shi da shuri, a ciki, a haƙarƙari, a fuska. Ɗaya yana ɗauka da waya. Slavojka ta sheƙo ta kifa a kansa, suka taka hannunta har ƙashi ya yi ƙara. Jini ya bi tsakanin duwatsun titi. Hajrudin ya cika a asibiti bai farfaɗo ba.

Bayan jana'iza ƙanwarta ta bugo waya daga tsallaken kogi tana kuka. "Yaya, ki taho. Za su ƙarasa ki."

"Igwa ba ta kore ni ba, sai hoto? Nan mijina yake, nan ɗana yake."

Ta koma kasuwa hannu a naɗe cikin filasta, ta jera kabejinta a gaban iyayen samarin da suka kashe mijinta, waɗanda 'yan sanda suka kama. Armin ya zo ya tsaya gaban teburinta.

"Gwaggo, wallahi wasa nake. Na ma goge."

"Ka goge?" Ta dube shi har ya sunkuyar da kai. "To je maƙabarta ka goge ƙasar da ke kansa. Wanda ya fara zana ɓeran nan, ɗana, ba don a yi dariya ya zana ba. Ya zana ne don hannu ya daina rawa wajen kisa. Matsa, kana tare mini masu saye."

Mai karatu, hoton da aka ƙera don ya koya wa mutane ƙiyayya ba ya mance aikinsa don ya tsufa. Kafin ka ɗora fuskar wani a kai, ko ka tura, ka sani makami ne ka miƙa, kuma ba kai za ka zaɓi hannun da zai karɓa ba.