Irin Shinkafar Lola

A bakin coci, da safiyar Ista, na fizge ƙoƙon kwakwar da ke hannun kakata Lola, irin shinkafar da ta kawo a sa wa albarka ya watse a ƙasa. Shi kaɗai ya rage mata bayan guguwar bara.

"Lola, wannan aikin arna ne," na ce. "Malaminmu ya ce tun kafin a kawo coci, a irin wannan lokaci kakanninmu ke nuna wa iskokin dutse irinsu. Ba za mu shiga da shi ba."

Wata uku kacal na yi a ajin koyon addini a birni, amma na dawo ina jin kaina.

"To sannu, Fafaroma," in ji ta. "Shinkafar arnan ce dai ta yi maka wannan wuyan."

Ta durƙusa da ƙyar tana tsinta ɗaya-ɗaya, ga kaji sun fara matsowa. Sai ga Fada, limamin cocin, ya fito cikin fararen kayansa. Na gyara tsayuwa, ina jiran yabo.

Bai ko dube ni ba. Ya sa gwiwa a ƙasa ya kama tsinta. Garin sunkuyawa, wani ƙullin tsumma ya faɗo daga aljihunsa.

"Na mahaifiyata ne," ya ce a hankali. "Ƙafa ta hana ta zuwa."

Ya kwance ƙullin, ya zuba wa kakata rabin irin shinkafar da ke ciki.

Ni ma na durƙusa kusa da Lola. Matsa mini kawai ta yi.