Hannu a Kafaɗa

Encik Shukri, wato Malam Shukri a yaren ƙasar, mai ba da horo, ya miƙa wa kowa baƙin ƙyalle guda, sannan ya ja baya ya yi bayani.

"Bibbiyu za ku tafi. Ɗaya ya ɗaure idonsa, ɗayan ya dafa masa kafaɗa, ya kai shi bakin rafi. A dawowa sai ku yi canji. Ba magana a hanya. Kuma mu nan ba ma kiran mutum da sunansa a cikin daji, wannan al'adarmu ce. Boleh? Kun yarda?"

Aka amsa masa da dariya. Munzali bai yi dariya ba.

Safiyar wata Asabar ce a watan Yulin 2006. Kamfanin da Munzali ke yi wa aikin kwamfuta a unguwar Bukit Jalil, can ƙasar waje, ya kwaso ma'aikatansa zuwa dajin Bukit Gasing, domin su koyi dogara da juna. Ba a faɗa ba, amma kowa ya san saboda su wa aka shirya fitar. 'Yan Najeriya biyu ne a sashen, Munzali da Gamaliel, teburinsu a manne yake, amma ko gaisuwa ba ta haɗa su.

Layi ɗaya suka tashi a Kaduna, jirgi ɗaya ya kawo su karatu. Bara ne Munzali ya ɗauki Meshach, ƙanen Gamaliel, sabon zuwa, ya kai shi yawon buɗe ido wata magangarar ruwa a bayan gari. Ruwan ya tafi da Meshach. Gamaliel ya raka gawar gida, ya dawo bakin aikinsa. Bai zagi Munzali ba, bai kai ƙararsa ko'ina ba. Ya dai daina ganinsa.

Saboda haka da aka haɗa su, babu wanda ya yi mamaki.

Encik Shukri ya bi ayarin farko don ya jira su a bakin rafi. Sauran suka rinƙa shigewa cikin duhuwar itatuwa, har ya rage su biyu, kowa ya ba ɗan'uwansa baya. Abokan aikinsu duk sai da suka yi gardamar wanda zai fara. Su kuwa babu wanda ya iya buɗe baki ya tambaya.

Munzali ya dubi ƙyallen da ke hannunsa. Ya taɓa jagorantar ɗan gidan su Gamaliel sau ɗaya, kuma ya ga inda abin ya ƙare. Ba shi da idon da zai sake shiga gaba. Ya naɗa ƙyallen, ya ɗaure shi tamau, ya tsaya. Idan Gamaliel ya ga dama ya bar shi nan, ya yi daidai.

Can sai ya ji hannu ya sauka a kafaɗarsa ta dama.

Hannun ba shi da nauyi. Da sanyi, da danshi, har ya ratsa rigarsa, Munzali ya ce a ransa gorar ruwa Gamaliel ya riƙe. Ɗan yatsa ya matsa shi, ya ɗaga ƙafa.

An yi ruwa da asuba, hanyar duk santsi da saiwoyi. Hannun bai kuskure ko ɗaya ba: ya danna, Munzali ya sunkuya, reshe ya shafi gashinsa, hannun ya ja, Munzali ya tsallake kututture. Ƙarar motocin unguwar Pantai Dalam ta yi ta raguwa har ta ɓace, kukan ƙwari ya maye gurbinta. Yana jin numfashin Gamaliel ta hagunsa, mai nauyi, a sarƙe. Har tuntuɓe ya ji Gamaliel ya yi, ya yi mamakin mai ido da irin wannan tafiya.

Sai iska ta canza. Ta daina zuwa ta gefe, ta koma tasowa daga ƙasa. Munzali ya tuna da kwazazzabon da aka gargaɗe su a kansa, inda hanya ke tsukewa.

A nan hannun ya tsayar da shi.

Kan takalminsa ba ya taka komai. Wata tsakuwa ta kuɓuce daga ƙarƙashinsa, ya saurara, ya daɗe kafin ya ji saukarta. Hannun yana nan bai motsa ba, kamar mai shawara da zuciyarsa. Babu shaida, kuma kowa zai ce santsi ne. Munzali ya yi kalmar shahada a ransa. Sunan abokinsa ya zo masa har bakin leɓe, ya haɗiye shi.

Sannan a hankali hannun ya jawo shi baya, ya karkata shi dama, ya ɗora shi kan ƙasa mai ƙarfi. Daga nan har gangaren ƙarshe Munzali kuka yake yi, ƙyallen yana shanyewa.

Ƙarar rafi ta matso, da hayaniyar abokan aiki. Wani ya fara tafi. Hannun ya ɗan matsa kafaɗarsa, ya ɗauke.

"Kun iso! Da kyau, da..." Muryar Encik Shukri ta yanke. Tafin ma ya mutu.

Munzali ya kwance ƙyallensa, haske ya kashe masa ido. Ya juya don ya yi godiyar da bai san ta inda zai fara ba, amma Gamaliel ya riga shi.

"Ɗan'uwa, shekara guda ina azabtar da kai," in ji shi. "Da muka tsaya a bakin ramin can, na ce yau za ka rama. Amma hannunka bai bar kafaɗata ba."

Yana faɗa yana laluben ƙullin baƙin ƙyallen da har yanzu ke ɗaure a idonsa.