Rigar da Ke Kan Injin

Kwamfutar ta sake mutuwa a tsakiyar sura, muryar ɗan tsohuwar ta yanke tare da ita.

Shi ya haɗa injin da hannunsa a ɗakin nan na Jakara, shekarar da soja suka miƙa mulki, ya ɗauki karatunsa a ciki. Tun rasuwarsa uwar ba ta taɓa jin ƙarshen surar ba. Wata rana ma injin ƙin tashi yake yi sam.

Abokin marigayin, mai gyara, ya canza fanka, ya canza wayoyi. A shagonsa lafiya lau, a gida sai mutuwa. Yau ya zo da kansa, ya tsaya yana kallon babbar rigar marigayin da ta lulluɓe injin da ita.

"Inna, rigar nan ce. Ba ya shan iska, zafi ke kashe shi."

Ta yaye rigar, ta rungume ta.

Karatun ya wuce inda ya saba tsayawa, har ya kai ayar ƙarshe. Sai muryar ta yi dariya ƙasa-ƙasa.

"Inna, ina ganin ƙafarki ta ƙasan labule. Shigo mana ki zauna."