Baƙin Yaya

"Ai ba ki taɓa barin ƙasar nan ba," in ji ma'aikaciyar ofishin tallafin marasa aiki a Birmingham. "Shekara uku ke nan kina karɓar benefit a Manchester."

Mai neman tallafin ta dubi fasfonta, ga hatimin Doha, inda ta yi shekara ukun tana jinyar tsofaffi har kwangila ta ƙare. Ma'aikaciyar ta juyo mata da kwamfuta. Sunan nata ne, amma adireshin na unguwar Rusholme ne a Manchester, flat ɗin yayarta. Wadda ta rungume ta a filin jirgi ranar tafiyarta Doha tana kuka, ta ce, "Bar takardunki a wurina, amana ce."

Makon jiya da ta dawo, ƙofar nan ta fara bugawa da akwati biyu. Yayar ko sarƙar ƙofa ba ta zare ba. "Nan Ingila ce, ba Jos ba. Ba a faɗo wa mutum gida babu notice." Tun ranar a kan kujerar wata 'yar cocinsu take kwana a unguwar Handsworth, nan Birmingham.

"In kin sa hannu nan, masu bincike za su je gidan," in ji ma'aikaciyar.

Ta rubuta sunanta a hankali, harafi bayan harafi.

A cikin bas ta kira yayar a waya. "Yaya, ki zauna gida makon nan, kina da baƙi. Kin ga ni na ba ki notice."