Tsohon Turaren Malam Tanimu

Tun da ƙofofin gidaje suka koma gane mutum da ƙamshin jikinsa, turaren aski ya zama ruwa-ruwa don kada ya ruɗa ƙofa, kafin ka sa hula ya gudu. Maƙwabcina Malam Tanimu kuwa ya tara kwalaben na da, masu zafin nan, amma saura ɗaya mai ɗan abu a ciki.

Matarsa Kande idonta ya tafi, hankalinta ma ya fara bi. In ya shafa na zamani sai ta ja mayafi ta ce, "Bawan Allah, maigidan ba ya nan."

Bayan sallar Juma'a na tarar da shi a dakali, ƙofarsa na ƙyafta jar fitila.

Na ce, "Malam, ka sake shafa tsohon ke nan?"

"To ya zan yi, Iya? In ƙofa ta san ni, Kande ba ta san ni ba. Na gaji wallahi. Sai ƙamshin ya mutu ƙofar za ta buɗe."

Daga ciki muka ji Kande ta matso tana shinshinawa.

"Malam, kai ne? Shigo mana, abinci na hucewa."

Ya jingina goshinsa da ƙarfen ƙofar.

"Ga ni nan, Kande. Takalmi nake cirewa."