Gunkin Kan Dutse

Zinatu na yanka albasa a kicin ta ji Ummanta ta sake farawa daga falo.

"Fari fat, hannuwa a buɗe, can ƙololuwar dutse. Kana kasuwa kana ganinsa, kana bakin teku kana ganinsa."

Tun da ciwon mantuwa ya kama Hajiya Kulu, sunayen jikokinta ma kuɓuce mata suke. Amma sai ga birnin Rio de Janeiro na Brazil a bakinta kullum: ɗan jirgin ƙasan da ke ratsa kurmi ya hau dutse, akwatin gilashin da ke tafiya da mutane a kan waya, hanyar bakin teku da aka shimfiɗa da baƙin dutse da fari kamar igiyar ruwa. Matar da iyakarta Kaduna, Makka, sai nan unguwar Levenshulme a ƙasar Turawa.

Zinatu ta duba a wayarta. Gunki ne, wai na Annabi Isa.

Baƙuwa ɗaya ce ke shigowa gidan: Celestina, 'yar Jos, wadda kamfanin kula da tsofaffi ke turowa. Council, hukumar da ke biyan kuɗin, ta zaftare lokacin zuwanta, wanka da magani kawai ake samu, amma ko a hakan sai an ji ta ita da Umma suna ƙus-ƙus. Umma na wani gwalangwantu da likita ya ce ciwon ne, Celestina kuma tana gyaɗa kai, har da dariya.

Zinatu ba ta yi shawara da kowa ba. Dangin marigayi Alhaji, wanda take kira Baba, dama ba sa sa ta a sha'aninsu, dangin Umma kuwa ba ta taɓa ganin ko ɗaya ba. Ta kira kamfanin, ta ce ana yi wa uwarta wa'azi a kan gadon jinya. Ta san ƙara irin wannan kan raba mutum da aikinsa. Ta yi.

Da safe ta tare Celestina a bakin falo.

"Ajiye makullin. Na ba ki amanar tsohuwa mai salla, kin zo kina cusa mata gunki."

"Anti, ni ko Landan ban taɓa zuwa ba, balle Brazil. Ita ke ba ni labari."

"Ita? A Tudun Wada ta gan shi?"

"Yara uku gare ni, Anti. In suka cire ni..."

"Da kin tuna da su."

Celestina ta ɗora makullin a kan tebur. Sai Umma ta ɗago daga kujera, ta zuba wannan surutun nata, dogo, da ƙarfi, tana nuna Zinatu da yatsa. Celestina ta sunkuyar da kai.

"Kin ga abin da kika mayar da ita?" in ji Zinatu.

"Ba ciwo ba ne wannan. Berom ne, yarenmu. Ta fi ni iyawa."

"Ƙarya kike. To me ta ce?"

"Ki bar shi, Anti."

"Na ce me ta ce!"

Celestina ta rataya jakarta, ta dube ta ido cikin ido.

"Ta ce kar in biye miki, zuciyar ubanki Davou ce. Haka ya yi ta faɗa da masu hoto ranar da ya saɓa ki a wuya ya kai ki ƙarƙashin gunkin, shekarar da ya rasu a can, kafin ta san Alhaji."